Amsa ga ƙanwata mai son zuwa aikin jinya a Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Ke ce ta huɗu a watan nan da ta tambaye ni albashi nawa ne, kuma yaya jarrabawar OSCE, wato gwajin aikin jinya a aikace, take. Bayanin albashi yana shafukan NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, na jarrabawar kuma yana shafin NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, ki je ki karanta. Ba wadda ta taɓa tambayata yadda ake zama da abokan aiki, alhali shi ne ya kusa sa ni tattara kayana.

Watana biyu da fara aiki, ina dutin dare, likita ya rubuta wa wani dattijo maganin da ya fi ƙarfin ƙodarsa. Na gani sarai. Na tsaya riƙe da takardar ina saƙa da warwara, ta yaya zan yi wa likita gyara ba a ce na yi rashin kunya ba. Ina cikin haka wata ɗaliba, ko rajista ba ta yi ba, ta kira shi da sunansa gatsal, ta ce ya sake duba gwajin jinin. Ya duba, ya gode mata, ya gyara. Shi ke nan. Ni kuwa har gari ya waye jikina a sanyaye yake.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya ya zo. Ranar bitar aikina na shekara, shugabar sashe ta ce ba na buɗe baki lokacin miƙa aiki, ba a san abin da na sani ba. Ni da na yi shekara takwas ina jinya kafin in zo! Aka ɗaga wadda na riga shiga aiki zuwa mataki na 6 na albashi, aka bar ni a na 5. Wariya tana ciki, ba zan ɓoye miki ba, akwai masu jin harshenki su yanke hukunci tun ba ki rufe baki ba. Amma shirun da na ɗauka ladabi ne shi ma ya cuce ni.

A nan kuskure shigar da shi ake yi a kwamfuta, ko naki ne, domin a gano inda aka samu ɓaraka a toshe. Mai ɓoyewa ce ke shiga uku. Ci gaba kuma ba a zama jiran a kira ki. Duk shekara 3 sai kin sabunta rajista, ki nuna awa 450 na aiki, awa 35 na ƙarin ilimi, da ra'ayi 5 daga waɗanda suka ga aikinki. Kwas ɗin da kike so, ke za ki nema wurin manaja da bakinki, in ta manta ki sake komawa.

Sai a shekarata ta huɗu na samu mataki na 6, da gumina, kuma yanzu ni ke jan sababbin zuwa a jiki.

Kafin ki biya kuɗin jarrabawa, gobe a wurin aikinki ki tambayi likita abu ɗaya da ba ki gamsu da shi ba. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.