Muryar Kawu a kan hoton tsuntsun da aka tura gurup

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Auta, na ga hoton da ka turo, wanda ka ce ka tsinta a cikin adakar marigayi Baba a gidanmu na Birni, kana tambaya ko zanen hannu ne ko fotokofi. To saurara, kar dai ka kai shi a manna masa leda, wallahi kashe shi za ka yi.

Gauraka ne. Dubi tukkun nan ruwan zinariya, da kumatu fari da ja. Amma ka lura da wuyansa, ya sanƙare kamar an soka masa kara. Ni a ganina mai zanen bai taɓa ganin gauraka yana rawa a bakin tabki ba, kamar yadda muke ganinsu a Gidimuni muna yara. A da fatar tsuntsu ake kai wa masu zane a Turai, a cusa mata ciyawa, su zauna su kwaikwaya. Haka aka riƙa yi a Faransa tun wajen 1770.

Aikin kuwa ba na alƙalami ba ne. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa kaki, a ɗauki allura a yi ta karta, gashi ɗaya bayan ɗaya, sai a tsoma a ruwan asid. Inda allura ta bi, nan asid yake ci. A cika ramukan da tawada, a goge sama, a ɗora takarda mai danshi a danne da inji. Kuma a juye yake fitowa, kamar hatimi, wato in kana son tsuntsu ya dubi dama, hagu za ka zana shi. Launin daga baya ake sa shi da hannu. Haƙurin dukawanmu ne sak.

Yanzu ga abin da za ka yi. Wanke hannu, ka shafa yatsa a hankali a gefen zanen. In ka ji ɗan lotsawa ya kewaye shi, kamar shatin faranti, alama ce mai kyau. Sannan ka matso da kamarar waya kan fiffike: layuka siri-siri za ka gani, in kuwa ɗige-ɗige ne to bugun zamani ne.

Ka raba shi da rana da gara. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan biyo in gan shi da idona, ka ce wa Inna ta aje mini fura.