Shin Gareth Bale ya ci kuɗin da Real Madrid ta saye shi?

Malam, ka tambaya ko Madrid ta yi asara da ta sayi Bale daga Tottenham a 2013 kan kusan fam miliyan 85. Ni dai a ganina ko kusa. Kofin Zakarun Turai biyar ya ɗauka da su. A wasan ƙarshe na 2018 da Liverpool daga benci ya shigo, ya juya wa raga baya, ya tashi sama ya doka ƙwallon ta bayan kansa, ta wuce mai tsaron gida. Daga baya ya ƙara ta biyu. Raunuka sun dame shi, gaskiya ne, shekarunsa na ƙarshe a Sifaniya kuma ba daɗi. Amma shi ya ja ƙasarsa Wales zuwa Kofin Duniya na 2022, karon farko tun 1958.