'Yata tana tambayata yaushe za ta yi fari: littafi zan saya ko mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata ta fari shekararta 6, tana aji ɗaya na firamare. Baƙa ce, ubanta ta ɗauko, ƙannenta da 'ya'yan abokiyar zamana kuwa duk farare ne. A Islamiyya yara sun laƙaba mata "Gawayi". Kwanan nan na tarar da ita a banɗaki tana dirzar hannunta da soso har ya yi ja, ta ce, "Umma, yaushe zan yi fari?" Malamar ajinsu ta ce in nemo mata littattafan yara masu hotuna da ke koya wa yaro son kansa. Maƙwabciyata kuma ta ba ni wani mai da ake haɗawa, ta ce na yara ne, ba bilicin ba ne, asalin kalarta kawai zai fito da ita, tunda da haskenta aka haife ta. Tun bayan ƙaramar sallah nake shafa mata. Shin littafin yana aiki? A ina zan samu a Kano? Kuma akwai laifi in haɗa biyun? Wata uwa daga Dorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya mana ita, ya ba ki ladan tarbiyya. Malamar ta yi gaskiya, littafin yana aiki, amma ba zai yi aiki a gidan da ake shafa wa yarinya man canza fata ba. Da dare ki karanta mata cewa kalarta mai kyau ce, da safe ki kama ta ki mulke ta da abin da zai kore kalar. Yaro hannunki yake kallo kafin bakinki.

Yaro tun yana shekara 3 zuwa 4 yake gane bambancin launin fata, kuma yake gane wanda manya suka fi so. A Amurka cikin shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, yawancinsu suka ce farar ce mai kyau. Kotun ƙolin ƙasar ta ambaci aikinsu a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launi. Ba wanda ya zaunar da yaran nan ya ba su darasi. Tsinta suka yi daga abin da suke gani kullum. 'Yarki ma haka ta tsinta: daga wa ake ɗauka a yi wa rawa in baƙi sun zo, wa ake ce wa "tubarkalla, kamar Balarabiya", da kuma littattafan nazare da ke cike da yara masu gashin zinare suna wasa da dusar ƙanƙara. Wata malamar jami'a, Rudine Sims Bishop, ta rubuta a 1990 cewa littafi ga yaro madubi ne da yake ganin kansa a ciki, kuma taga ne da yake hango rayuwar wasu ta ciki. Taga 'ya'yanmu sun samu har ta yi yawa, madubin ne babu.

Wajen zaɓe, ki nemi wanda hoto ya ci shafin, rubutun bai wuce layi biyu ko uku ba. Abin da na fi so shi ne littafin da jarumarsa baƙa ce mai kitso, tana zuwa aike, tana rigima da ƙaninta, tana warware matsala da dabararta, ba tare da an mai da baƙinta shi ne labarin ba. Ki guji wanda sai yarinyar ta ceci gari kafin a daina yi mata dariya, domin abin da yaro zai ɗauka shi ne sai ya biya kafin a so shi. Ki haɗa da masu nuna zabiya, da mai i'ina, da bahago, da yaro a keken guragu, don ta san bambanci ba a kanta ya fara ba.

Na Hausa masu kyau sun yi ƙaranci a kasuwa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ki duba wajen masu littattafai na Bata da Sabon Gari, ki leƙa Laburaren Murtala Muhammad. A intanet akwai African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, duka kyauta ne kuma suna da labarai da Hausa. Ki sauke a waya, ki kai shagon kwamfuta a buga miki da kala, yarinya ta riƙe takarda a hannunta. In na Turanci kika samu, ki bar rubutun, ki bi hotunan ki ba ta labarin da Hausa. Ki ɗora ta a cinya minti goma zuwa sha biyar bayan isha'i, ki riƙa tsayawa kina tambaya: "Me kike jin yarinyar nan take ji? Da ke ce me za ki ce musu?" Ki kira ƙannenta da 'ya'yan ɗakin can su zauna, su ma suna buƙata. Na san 'yar fari ce, akwai kara, wataƙila ko sunanta ba kya faɗa. Ba na ce ki zubar da alkunya ba, amma a bayan ƙofa, ke da ita, ki gaya mata da bakinki cewa tana da kyau.

Yanzu maganar man, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙarki. Wannan zance na "asalin kalarsa za a fito da ita" kusan kullum sai na ji shi a asibiti, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Kusan duk jaririn baƙar fata da haske ake haifarsa, domin ƙwayoyin fatarsa ba su gama fara yin melanin ba, sinadarin da ke ba fata launi. Cikin makonni da watannin farko sai launin da ya gada ya zauna. Hasken ranar suna shi ne na wucin gadi, wanda kike gani yanzu shi ne asalin. Ba rana ce ta ƙona ta ba, ba dauɗa ba ce, ba kuma sakacinki ba ne. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke duba gefen kunnen jariri su ce "wannan baƙi zai yi". Duk man da ya sa yaro ya fi launinsa haske, to hana fata yin melanin yake, kuma sunan wannan aiki bilicin, ko an rubuta "na yara" a jikin robar, ko an ce da karas da madara da kurkum aka haɗa. Karas ba ya mai da baƙi fari cikin sati uku. In kin ga haka, akwai abin da aka zuba ba a gaya miki ba.

Abin da ake zubawa sananne ne. Na farko sitiroyid, irin mayukan tiyub da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don cutar fata, su kuwa masu haɗi sai su matse tiyub da yawa cikin roba ɗaya. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, kuma faɗinta idan aka gwada da nauyin jikinsa ya fi yawa, saboda haka maganin yana ratsawa ya shiga jini. Ana kawo mana yara fata ta yi sirara har kana ganin jijiyoyi kore-kore, ga nankarwa a cinyar yarinyar da ko ƙirgen dangi ba ta fara ba, ga makero ya bazu ya ƙi jin magani, kumatu sun kumbura uwa tana murna wai ta yi ƙiba. Ba ƙiba ba ce, alamar maganin ya yi yawa a jiki ce, kuma yana iya tauye tsayin yaro. Na biyu haidrokwinon, sinadarin da ke hana fata yin melanin, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kunci da wuya, mai wuyar fita. Ki dubi gaɓoɓin yatsun masu shafe-shafe za ki gane. Na uku makyuri, wani sinadari mai guba, wanda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ga shi yana bin tawul da zanin gado ya taɓa har wanda bai shafa ba.

Wace ce mai haɗa man? Mace ce da kwano da cokali a tsakar gida, ta koya a waya cikin kwana biyu, ta buɗe shafi a TikTok da Instagram, ta sa wa kanta suna mai gyaran jiki. Ba awo, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa. Ranar da ƙodar yaro ta tsaya ba za ki same ta a layin wankin ƙoda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. A 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. An yi taro, an yi sanarwa, amma har gobe robobin nan suna yawo a gidajen biki da zaurukan WhatsApp. Babba ta shafa wa kanta, ita ta zaɓa. Yarinya 'yar shekara 6 wa ta ba izini?

Kuma mu ji tsoron Allah. A Suratur Rum aya ta 22 an lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa. A Suratul Hujurat aya ta 11 an hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Yaran da ke ce mata Gawayi allo suke riƙe da shi. Ki je ki sami malamin Islamiyyar, ko mahaifinta ya je, a tsawatar. In a cikin gida ma akwai kaka ko gwaggo mai irin wannan wasa, mai gidan ya yi magana, don wasan jika da kaka yana da iyaka.

Tunda kin ɗauki lokaci kina shafa mata, kada ki yi gaban kanki. Jikin da ya saba da sitiroyid yakan yi bore in an yanke masa lokaci ɗaya: fata ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su feso. Ki kai ta cikin satin nan wurin likitan yara ko na fata, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ki tafi da robar, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da wuraren da kike shafawa. Shi zai ce a tsaya nan take ko a janye a hankali, ya kuma duba ko ana buƙatar gwajin fitsari da na jini. In ta fara amai, ko kasala mai tsanani, ko kumburin fuska da ƙafa, kada ki jira ranar ganin likita, ki wuce sashen gaggawa. Launinta zai dawo, wataƙila da farko ya fi na da duhu, kada hakan ya sa ki koma. Man kaɗanya ko basilin ya ishe ta, musamman da hunturu.