Ga ƙanena mai son karantar ƙwayoyin nano na maganin cutar kansa

Saƙonka ya iso. Kai ne na huɗu a bana da ya rubuto mini yana son ya fito waje ya yi digirin digirgir a kan ƙwayoyin nano, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ake ƙerawa waɗanda ido ba ya gani, masu ɗaukar magani da furotin tare zuwa cikin ƙarin kansa, kuma duk bakinku ɗaya: wai maganin yana tafiya kai tsaye inda cutar take. Ni ma da wannan tunanin na zo, kuma na sha wuya kafin ya fita daga kaina.

Da ƙwayar nano ta shiga jini, sai furotin na jini su lulluɓe ta, garkuwar jiki ta gane baƙuwa ce, hanta da saifa su kwashe mafi yawa. A 2016 tawagar Warren Chan a Toronto ta tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, ta tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na abin da aka yi allurarsa yake isa ƙarin. Abin da muka daɗe muna dogaro da shi, wanda Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan a 1986, shi ne jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, ƙananan abubuwa kan tsiyaya ciki su maƙale. A jikin ɓera haka ne. A jikin mutum kuwa ya danganta da majinyacin, har da ɓangaren ƙarin.

Wannan fa magani ɗaya ke nan. Haɗa shi da furotin shi ne inda na ji jiki. Magani irin paclitaxel ba ya narkewa a ruwa, furotin kuma sai da ruwa, kuma duk aikinsa yana cikin yadda ya naɗe. Zafi ko girgiza ko sinadari mai ƙarfi ya warware shi, shi ke nan ya mutu, ko da yana nan a ciki. Ni da PLGA na fara, wani irin roba mai narkewa a jiki da ake ƙera ƙwayoyin da shi, inda ake narkar da shi a sinadari mai ƙarfi, dichloromethane, a kaɗa da injin sauti. Sama da shekara guda ina auna yawan furotin da ya shiga ƙwayoyin, ina murna da alƙaluma. Ranar da na gwada shi a kan ƙwayoyin kansa, ko gezau. Malamin da ke duba aikina ya ce a gaban kowa ya ɗauka an koya mana wannan a inda na fito. Har yau maganar tana yi mini zafi, don duk mako yana ganin sakamakona, bai taɓa tambaya ba. Ni kaɗai na zauna na gyara: na rage kaɗawa, na koma aiki a kan ƙanƙara, na ƙara wani irin sukari mai suna trehalose don kare furotin ɗin, har ya fito da ransa. Wannan aikin nawa ne, kuma ina alfahari da shi.

Sannan ba wuri ɗaya kayan biyu suke sauka ba. Ɗauki furotin TRAIL da maganin doxorubicin, da ake yawan haɗawa. TRAIL a bakin ƙwayar kansa yake aiki, ta waje, shi kuwa doxorubicin sai ya kai ga cibiyarta. Ke nan dole abin da ka ƙera ya sauke ɗaya a ƙofa, ya wuce da ɗaya ciki. In kuma furotin ɗinka a ciki yake aiki, ƙwayar kansar za ta haɗiye shi cikin 'yar jaka ta narkar da shi, sai ka nemo masa hanyar tserewa.

Ban ce fagen banza ne ba. Doxil, wato doxorubicin cikin ƙwayoyin nano, ya sami izini a Amurka a 1995, kuma ya rage cutar da doxorubicin ke yi wa zuciya. Abraxane mai ɗauke da paclitaxel ya biyo a 2005, amma furotin ɗin albumin da ke cikinsa ɗan dako ne kawai. Vyxeos na 2017 magani biyu yake ɗauka, duka ƙananan sinadarai, babu furotin. Masu ɗaukar magani da furotin mai warkarwa tare, yawancinsu har yanzu ba su wuce ɗakin gwaji da ɓeraye ba. In burinka ka ga abinka a jikin majinyaci kafin ka kammala, gara ka nemi wani fannin.

In kuma har yanzu kana so, ka cire "ina son in kawar da kansa" daga wasiƙar da za ka tura wa farfesoshi. Ka ƙarfafa kimiyyar sinadarai da lissafin ƙididdiga, ka nemi inda za ka koyi renon ƙwayoyin halitta da hannunka. Ka zaɓi furotin ɗaya da magani ɗaya, ka rubuta dalilin haɗa su, da yadda za ka tabbatar furotin ɗin yana da rai bayan ka ɗura shi. Shafi ɗaya ya isa. Turo mini in duba kafin ka aika wa kowa.