Amsar tambayarka kan gonar nan da baffanku

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne don ba maganar da za a yi a tsaitsaye ba ce. Ka ce baffanku ya hana a raba gonar bakin rafi, yana cewa shi ke nomanta tun mahaifinku na da rai, yayarku ta ce kotu za ta, innarku kuma ta ce abin kunya ne a kai ƙanin uba gaban alƙali, shi ne kake tambaya wai dole ne a al'ada sai an bi ta hannun manya, ko tsoro ne kawai irin na mutanen da.

Toh ba tsoro ba ne. Yadda muka taso muka tarar, rigimar gona ko gida ko gado a zauren gida ake fara ta, babban gida ya tara mutane, in ta fi ƙarfinsa a je wa mai unguwa da liman, in ta ƙi a je wa dagaci, daga nan hakimi, kuma kafin ta kai ga alƙali an sha zama ba ɗaya ba ba biyu ba. Dalili kuwa alƙali hukunci yake yankewa, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, ya rufe fayil ya tafi gidansa, ku kuma ku dawo unguwa ɗaya, masallaci ɗaya, in an yi rasuwa tabarma ɗaya za ku zauna. An ruwaito Sayyidina Umar yana umartar alƙalai su riƙa mayar da 'yan'uwa su je su sasanta, saboda hukunci yana gadar da gaba a tsakaninsu. Kuma ka san ayar Suratun Nisa'i ta 128, wassulhu khair, wato sulhu alheri ne.

Ni na ga wannan da idona. Shekarun baya mun yi rigimar iyaka da maƙwabcin gonarmu, abin da bai fi kunya biyar ba wallahi, muka yi ta jeka-ka-dawo a kotu, yau an ɗaga, gobe shaida bai zo ba, jibi an yi wa alƙali canjin wurin aiki a sake daga farko, kuɗin mota da na lauya sun ninka kuɗin wurin. Ranar da muka gaji muka koma wa dagaci, ya sa aka ɗauko wani tsoho da ya yi ƙodago a gonakin biyu tun yana saurayi, aka kawo shi a bayan babur da sassafe. Ya bi layin gamba yana dogara sanda, ya tsaya wani wuri ya ce a tona nan, akwai aduruku da kakanninku suka dasa. Aka sa fartanya, ko kamu biyu ba a yi ba sai ga kututturen. Kowa ya yi shiru. Ashe ni ne na shiga da kunya biyu, shi ma ya shigo min da ɗaya ta can ƙasa. A wurin aka dasa bini-da-zugu, aka yi fatiha, da la'asar ya aiko min da goro. Yau jikarsa tana gidan ɗana.

Amma ka saurare ni da kyau a nan, don nan ne mutanenmu suke ɓata abin, kuma yana ci min rai. Sulhu ba shi ne a tara dattawa a ce wa mai rauni yi haƙuri ba. Sau nawa na zauna inda aka ce wa mace ke da kike gidan miji me za ki yi da gona, ki bar wa 'yan'uwanki maza, ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe alhali hawaye na zuba a cikin mayafi, a tashi a ce an yi sulhu. Wannan ƙwace ne aka sa wa rawani. Hadisi ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Don haka kafin kowa ya ce ya yafe, a kira malamin da ya san ilimin gado ya faɗa wa kowa rabonsa a fili, innarku tumuni take da shi, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, sauran namiji kason mata biyu, kowa ya ji nasa da kunnensa. Wanda ya san haƙƙinsa sannan ya bari, shi ne ya yi kyauta. Ƙananan ƙannenku kuwa da ba su balaga ba, babu mai ikon yafe nasu, ko innarku ko kai.

Yayarku kada ku ga laifinta. Ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi haƙƙinsa, kuma ƙofar kotu a buɗe take in zama ya gagara, sanin hakan ma shi ke sa mai taurin kai ya sauko.

Sai maganar baffanku cewa ya daɗe yana noma wurin. Kada ku raina ta, akwai abin da malaman Malikiyya ke kira hauzi, wato in mutum ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi, mai shi na gari yana gani bai ce komai ba babu wani uzuri, to da'awarsa ta yi rauni, tsakanin dangi kuma ana kai shi har shekara 40. Amma hauzi ba ya cin aro, ba ya cin jingina ko haya. Ni na san aro mahaifinku ya ba shi lokacin da ya koma birni da aiki, kuma duk kaka yana aiko muku da buhun gero, wannan buhun shi ne shaidarku, ku nemo waɗanda suka riƙa kawo shi tun suna raye. A ɗaya gefen kuma ku tuna shi ya yi ta zuba taki, shi ya haƙa rijiya ya dasa mangwaron nan, in an zo zama a kimanta wahalarsa a biya shi, ko a yanka masa wani gefe, ko in yana da hali ya sayi kason wanda ke son sayarwa. Dattijo ne, ku bar masa hanyar da zai sauko ba tare da an kunyata shi gaban 'ya'yansa ba, sau da yawa abin da ke hana sulhu kenan ba ƙasar ba.

In an daidaita, don Allah a rubuta. Mu da baki da fatiha muka yi namu saboda shaidun na nan, yanzu fili ya yi tsada, shaidu na mutuwa, jikoki kuma ba su san fatihar da aka yi ba. A auna da tef, a rubuta iyaka gabas da yamma kudu da arewa, kowa ya sa hannu har matan, dagaci ya buga hatimi, kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonsa a waya. In kuna so ya ƙara ƙarfi ku kai wa alƙali takardar ya tabbatar da ita ta zama hukunci. Hukuma ma yanzu ta karɓi wannan hanya, a Kano Hisbah na yin sulhu kullum, babbar kotun jiha na da sashen sasanci, kuma a 2023 an sa hannu kan dokar tarayya ta sasanci.

Ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya kai mu, ni kawunku ne ba ni da ko taƙi a gonar, don haka baffanku zai saurare ni. Zan fara ganinsa ni kaɗai bayan sallar isha'i kafin a tara kowa. Kai dai kafin nan kada ka tura masa wani saƙo, kada ka sa maganar a guruf ɗin dangi, kuma ka ce wa yayarku ta zo da kanta, kada ta wakilta mijinta. Ka gaida innarku da jiki.