Gwiwar Mama, haɗin kemis da kujerar bayi

Wata 'yar'uwa daga Gusau ta rubuto cewa mahaifiyarta ta haura shekara 60, gwiwa ta matsa mata musamman da hunturu, in ta durƙusa sai an kama ta. Mai kemis ɗin unguwarsu yana ɗaura mata ƙwayoyi a leda, in ta sha kamar an zare ƙaya, amma kwanan nan fuskarta ta ciko kuma tana kukan ciki. Ta ce shin ta ci gaba da sayen haɗin ne, ko ta sayo glucosamine, maganin gaɓɓan nan da ake talla a Facebook?

'Yar'uwa Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki. Ledar nan ki ɗauke ta yadda take ki kai wa likita ya duba, don irin wannan haɗin sau tari diclofenac ne ko ibuprofen, magungunan rage ciwo, sai a jefa dexamethasone ko prednisolone a ciki, wannan da aka jefa shi ne mai sa mutum ya ji garau har 'yan'uwa su ce ai Hajiya ta murmure ta yi ƙiba, alhali kumburi ne, suga na hawa, jini na hawa, ƙashin da ake son gyarawa kuma yana ƙara lalacewa. Amma kar ki yanke mata shi dare ɗaya in ta yi makonni tana sha, likita ne zai rage shi kaɗan-kaɗan. Shi kuma diclofenac na sha yana cin ciki ya kawo olsa, yana taɓa ƙoda. In kika ga bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, ranar ku tafi asibiti, kar a jira gobe.

Glucosamine kuwa ni dai ba zan zuba kuɗina ba. A Ingila hukumar NICE mai tsara wa likitocinsu yadda za su yi magani ta ce a 2022 kar a riƙa rubuta shi don babu ƙwaƙƙwarar shaida. Gara ki sayi diclofenac na shafawa, mai lambar NAFDAC, kaɗan ne ke shiga jini in aka kwatanta da na sha. Panadol ma kar ya wuce ƙwaya 8 masu 500mg a yini, in Mama ba ta da jiki ma ƙasa da haka.

Sauran kuɗin ki sayo kujerar bayi, wannan mai rami a tsakiya da ake ɗorawa kan masai, ko kafinta ya ƙera miki. Tsuguno shi ke gama gwiwar tsofaffinmu amma kunya ba ta barinsu su faɗa. Ki ajiye kujerar roba kusa da dardumarta, in ta ce ita ba ta yarda da salla a zaune ba, ki tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune. Ruwan alwala kuma a ɗan ɗumama.

Wani tela daga Maraɗi ya tambaya: awarwaron tagulla mai maganaɗisu zai saya ko robar ɗaure gwiwa?

Malam awarwaro ado ne kawai. Robar tana ɗan taimakon wasu, ka auna gwiwarka kafin ka saya, in ta matse har ƙafa ta yi tsami ba taka ba ce, kuma a cire ta da dare. Abin da ya fi su duka kyauta ne, ka riƙa tashi daga kan keken ɗinki kana ɗan takawa, in akwai tumbi a rage, kilo 1 da ka zubar kusan kilo 4 ka sauke wa gwiwa a kowane taku. In ta kai ga sanda ka riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ƙafar da ke ciwo ba, mutane da yawa a baibai suke yi.

Sai wata matar aure 'yar shekara 34 a Kano, yatsun hannayenta duka biyu ke kumbura, da safe sai ta fi awa ɗaya ba ta iya murɗa murfin kwalba. Wai wane man zafi ya fi?

Malama naki ba na man zafi ba ne. Wannan ya yi kama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke yaƙar gaɓoɓinta, kuma in aka yi jinkiri yatsu na karkacewa ba sa dawowa. Kuɗin man ki yi na mota ki je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala a yi miki gwajin jini. In likita zai rubuta methotrexate, maganin da ake ba masu wannan ciwo, ki gaya masa tun farko ko kina da ciki, kina shayarwa, ko kuna neman haihuwa, don ba a haɗa shi da su.