Tambayoyinku: Unguwar Faransawa ta Pondicherry a Indiya, a je ko a bari?

*Salamu alaikum Kawu. Ina Chennai ina jinyar mahaifiyata, an yi mata aikin gwiwa. Likita ya ce mu dawo bayan kwana goma. Zaman ɗaki ya ishe ta, jiya har kuka ta yi. An ce mini akwai wani gari a bakin teku, Pondicherry, mai kyan gani. Ina so in kai ta, amma ina tsoron kada in jawo mana wani abu. 'Yarka daga Zariya.*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kwantar da hankalinki, tunanin da kika yi mai kyau ne. Sai dai kafin komai ki tambayi likitan da ya yi aikin ko za ta iya zaman mota na awa uku zuwa huɗu. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

In ya amince, tafiyar wajen kilomita 150 ce daga Chennai, kudu, ta hanyar da ke bin gaɓar teku. Kada ki sa ta a bas. Ki ɗauki shatar mota, ku yi ciniki zuwa da dawowa tun kafin ku shiga, ku tsaya a Mahabalipuram ta miƙe ƙafa. Ku kwana ɗaya, kada ku yi sammako ku juyo a ranar. Wajen kama ɗaki ki dage a kan na ƙasa, domin tsofaffin gidajen unguwar da aka mayar masauki yawancinsu ba su da lif, matakalarsu kuma a tsaye take. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara. Da yamma ana hana motoci bin titin bakin teku, Goubert Avenue, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, sai ki tura ta a keken marasa lafiya daga gunkin Gandhi zuwa inda ta ce ya isa. Iskar nan kaɗai magani ce.

Ki riƙe fasfo ɗinku duka biyu, otal ba zai karɓi baƙon ƙasar waje ba sai ya cike takardar da suke kira Form C. Ki kuma duba wata: daga Oktoba zuwa Disamba damina ce a wannan gaɓar, kuma guguwa kan faɗo. Ta ƙarshen Nuwamban 2024 ta cika garin da ruwa. Kuɗin magani kuwa ki ware su daban, ko rufi ɗaya, wato kuɗin Indiya, kada ya shiga yawo.

*Malam, ni ɗan Maraɗi ne, ina karatu a Bangalore. An ce garin nan ƙaramar Faris ce. Tunda ina jin Faransanci, ko in na je zan sami hanyar bizar Faransa cikin sauƙi?*

A'a. Ƙaramin ofishin jakadancin Faransa yana nan a unguwar, amma ba rabon biza ake yi a ƙofarsa ga duk wanda ya iya gaisuwa da Faransanci ba. Wanda ya ce maka Faris ce kuma, ko bai je Faris ba ko bai je nan ba.

Kamfanin cinikin Faransa ya kafa sansani a nan a 1674. Ingilishi suka rusa garin a 1761, Faransawa suka dawo suka sake ginawa, shi ya sa galibin gidajen da za ka gani ba su kai tsufan garin ba. Sun miƙa mulki ga Indiya ranar 1 ga Nuwamba 1954, aka kammala a takarda a 1962, kuma tun 2006 sunan hukuma Puducherry ne. Abin da suka bari 'yan tituna ne miƙaƙƙu tsakanin teku da wata magudanar ruwa: Rue Dumas, Rue Suffren, Rue Romain Rolland, gidaje masu fenti ruwan ɗorawa da dogayen ƙofofi, cocin Notre Dame des Anges, tsohuwar hasumiyar jiragen ruwa ta 1836, da 'yan sanda masu jar hula irin ta Faransa. Magudanar nan ita ce iyaka, Turawa ta wajen teku, 'yan ƙasa ta ƙetare, kamar yadda aka raba Nasarawa da cikin birni a Kano. A ƙafa za ka gama zagaye unguwar kafin azahar. Mai keke Napep da za ka tsayar Tamil yake ji, sai ɗan Turanci. Je ka ga tarihi, ka koma makaranta.

*Malam, barka da aiki. Ina zuwa Indiya saro kaya. A wani shago a unguwar an nuna mini akwatin katako da fitilar tagulla, aka ce na zamanin Faransawa ne, shekara 200. Akwai kuma man sandal tsantsa da araha. Ina so in saya wa 'yata na kayan ɗaki, turaren kuma in sayar. Me ka gani? Hajiya daga Kano.*

Hajiya, ki mayar da jakarki ki zuge zif. Ke da ba a iya cusa miki atamfar jabu a Kwari, yaya za a yi ki tsallaka teku fentin bango ya ruɗe ki?

Mu fara da akwatin. Cikin biyu dole ɗaya: ko gaskiya mai shagon ya faɗa, ko ƙarya. In gaskiya ne, dokar Indiya ta 1972 ta hana mutum fita da kayan tarihi da ya haura shekara 100 daga ƙasar. Kwastan na Chennai za su karɓe, ki yi asarar kuɗi, wataƙila ki yi asarar jirgi, ki kuma sha tambayoyin da ba ki shirya musu ba. In ƙarya ne, kin sayi aikin kafintan bara da farashin gadon sarakuna. Ki nuna mini inda riba take a nan.

Kuma galibi ƙaryar ce. Tsufa sana'a ce a wannan yankin. A ƙera akwati yau, a doke shi da sarƙa, a huda shi da siririn ƙarfe ya yi kamar cin gara, a shafe shi da baƙin mai, a bar shi a rana. Tagulla a jiƙa ta a ruwan sinadari ta yi kore. Ki juya akwatin ki leƙa ƙasansa da cikin kusurwa, inda mai shafa ya yi ƙyuya, za ki ga katako fari sol. Ki duba ramukan: na ƙwaro a karkace suke, wani babba wani ƙarami, na mahuda kuwa duk kai ɗaya, a miƙe. Ki duba ƙusoshin da suka riƙe maratayin murfin. In masu gicciye a ka ne, irin waɗanda ake kwancewa da sukundireba sta, to ba a fara yin su ba sai wajen 1930 da wani abu. Gwamnan Faransa na shekara 200 bai taɓa ganin irinsu ba. Ko tsofaffin ƙofofi da ginshiƙan gaske da ake gani a shagunan, da yawansu daga gidajen attajiran yankin Chettinad aka ɓamɓaro su, Tamilawa ne, ba ruwansu da Faransa. Ana liƙa musu sunan ne don baƙo ya fi sakin hannu.

Man sandal kuwa, nan ne raina ya fi ɓaci, domin ba ke kaɗai za a cuta ba, har matan da za su saya a hannunki don sun yarda da ke. Itacen sandal yakan kwashe shekara goma sha biyar ko fiye kafin zuciyarsa ta yi man kirki, hukuma kuma na sa ido a kan sararsa da cinikinsa. Cibiyarsa wajen Mysore ce a jihar Karnataka, ba bakin tekun nan ba. Abin da ake aunawa da ɗigo ba a cika miki kwalba da shi a kuɗin abincin rana. Araha ba ta ado, Hajiya. Ki ɗiga a bayan hannu ki fita shagon, ki yi yawonki. Na gaske yana da kauri, ƙanshinsa a hankali yake tashi, ya kwana a fata. Na haɗi zai bugi hanci nan take, kafin la'asar ya gudu ya bar maiƙo. Mai shagon da ya hana ki fita da ɗigon nan ya riga ya ba ki amsa.

Haka siliki. Ki nemi tambarin Silk Mark, shaidar siliki na gaske, ki zare zare ɗaya daga gefe ki kunna masa ashana. Na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murƙushe. Na roba narkewa yake ya dunƙule. Kayan da ke cikin leda ko kwali kuma doka ta sa a buga musu farashi mafi tsada a jiki, MRP. Kada ki biya sama da shi don an ga baƙuwa.

In dai sai kin sayi wani abu, sayi abin da garin ke yi da gaske: takardar hannu ta cibiyar ibada ta Aurobindo, turaren tsinke da kyandir da kwanukan yumɓu na Auroville, wani gari da ke kusa, jakar fata ta kamfanin Hidesign wanda a nan aka fara shi a 1978, a shagonsu, da rasit. Yadin auduga kuma ki ƙetare magudana zuwa titin Nehru, inda 'yan gari ke saye. Akwatin 'yarki ki ba kafinta a gida, kuɗin awon kaya a jirgi kaɗai ya isa ya yi miki biyu.

*Kawu, akwai masallaci? Abinci fa?*

Akwai. Unguwar Musulmi na kudancin tsohon garin, wajen titin Mulla da titin Kazi, da tsofaffin masallatai, tafiyar ƙafa ce daga bakin teku. Nan za ka ci biriyani hankali kwance. A gidajen abincin Faransawa ka tambaya, domin akwai naman alade, ana kuma girki da giya. In ka rasa, shiga inda aka rubuta "pure veg", wato ba nama, ka ci dosa ko idli, dangin wainar shinkafa. Daren Asabar kuma ka kauce wa unguwar: harajin giya a nan ƙasa yake da na maƙwabta, matasan Chennai da Bangalore kan cika wurin.

*Ni ango ne. Ina so in kama ɗaki a tsohon gidan Faransawa, mu hayi babur, mu yi wanka a teku.*

Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ɗakin, dare ɗaya ya isa, kuma a tsakiyar mako, kuɗin ya fi sauƙi. Sauran kwanakin ku koma ƙetaren magudana. Babur ban yarda ba: a hagu ake tuƙi a Indiya, ba ka saba ba, kuma 'yar mutane za ka goya. Wanka a gaban unguwar babu shi, duwatsu ne aka jibge don tare igiyar ruwa, ruwan kuma yana ja. Ku zauna a kan dutse ku ci gyaɗa.